Injin da Na Zaɓa wa Dokin Teku

A Kiru, idan aka ce Haladu mai inji, ba a tambayar wanne. Ina cikin waɗanda suka fara ɗora injin ban-ruwa a bayan keke suna zaga fadamu, tun daga bayan garinmu har lambunan da ke ƙasan Tiga, a lokacin da yawancin mutane da jigo suke ban-ruwa. Ba don fariya na faɗi wannan ba, ko da yake fariyar ma ina da ita daidai gwargwado. Na faɗa ne don a san irin kan da na ɗauka na kai Jidda a ƙarshen shekarun tamanin. Kai ne da ya yi imani cewa in dai maganar ruwa ce da inji, babu mahalukin da zai koya masa komai.

Zangona na farko wani ɗaki ne a saman bene, mu bakwai a ciki. Ejan ɗin da ya kai mu ya bari sai da muka gama Umara, zukatanmu suka yi laushi, sannan ya tattara fasfunanmu ya ce zai je a yi mana igama, wato takardar izinin zama. Ni ya yi mini alkawarin aiki a wata gonar dabino mai injina goma sha biyu. Da zai fita har ya tambaye mu ko burodi zai taho mana da shi ko shinkafa. Muka ce burodi. Har yau ɗin nan bai dawo da burodin ba.

Kwana uku muka yi mai ɗakin ya kore mu, kowa ya kama gabansa. Na yi ta tafiya ina bin duk wani baƙin mutum da na gani, ko Allah zai sa in ji Hausa a bakinsa, har na faɗa wata tsohuwar unguwa da ƙamshin daddawa ya tare ni a bakin lungu. Wata dattijuwa ce ke sayar da tuwo a ƙofar gida. Na tsaya a kanta, sai hawaye.

"Kai ɗan ina ne?" in ji ta.

"Kiru, Hajiya."

"Kiru? To ai ɗan gida ne, ni 'yar Tudun Wada ce. Zauna ka ci, kukan ka yi shi bayan ka ƙoshi."

Sunanta Hajiya Tabawa, ta shekara ashirin a can. Ita ta sama mini wurin kwana a kan rufin wani gida tare da wasu samari 'yan Doguwa, ita ta koya mini abubuwa biyu da marar takarda ba ya rayuwa sai da su. Na farko, idan ka ga askar, wato ɗan sandansu, kada ka gudu, kuma kada ka kalle shi. Na biyu, da zarar an gama aikin Hajji to lokacin kame ya zo, sai ka shige daga ciki ka yi lamo, domin duk wanda aka kama ba igama, jirgi za a saka shi da kayan jikinsa. Na yi wata huɗu ina wankin mota. Duk wata nakan yi wa matata Asabe kaset in bayar da matafiya, in ce mata ina nan cikin injina, aiki ya yi mini yawa. Da ta maido amsa, na ji kukan tantabarun gidanmu a bayan muryarta, sai na kashe rediyon na kasa ƙarasa ji.

Zango na gaba shagon wani Ba'indiye ne mai suna Yusuf, wanda nake wanke wa mota. Ya ga ina da ƙarfi, ya ɗauke ni ɗaukar jarkoki. Kifi yake sayarwa, amma ba na miya ba. Kifin kallo ne, masu launi kamar an yi musu rini, ana ajiye su a tankin gilashi cikin ruwan teku. Ranar farko na tambaye shi da guntun Larabcina yaushe ake cin su. Ya yi dariya har sai da ya zauna a kan jarka.

A wurinsa na ga yadda abin yake. Tankin gilashin yana sama, inda kifin suke. A ƙarƙashinsa, cikin kabad, akwai wani ƙaramin tanki mai tace datti. Ruwa yana malalowa daga na sama ta wani bututu ya faɗa na ƙasa, sai wani ɗan inji ya sake tura shi sama. Haka yake kewayawa ba tsayawa, in ya tsaya kifin su shaƙe. Na duba injin, bai fi dunƙulen hannuna ba. A raina na ce, wannan ai abin wasa ne, a fadamarmu ko fangalin albasa ɗaya ba zai jiƙa ba.

Duk Asabar Yusuf yakan aike ni da jarkokin ruwa gidan wani tsoho, Baba Salim. Masunci ne a da, ya ƙare ƙuruciyarsa a kan teku, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi a wani ɗaki na ƙasa mai ƙofa ta waje. Hannu ɗaya ke motsi, magana kuwa sai kalma ɗaya ko biyu, ita ma da kyar. 'Yarsa Hajiya Huda ce ke riƙe da gidan, mijinta yana aiki a wani gari mai nisa, sai ƙarshen wata yake zuwa. Ban taɓa ganin fuskarta ba, daga bayan ƙofar cikin gida muke magana. Ita ta sa aka kafa wa tsohon tanki daura da gadonsa, tun da ba zai ƙara ganin teku ba.

A cikin tankin akwai 'yan ƙananan kifi, amma ba su yake kallo ba. Wasu halittu biyu ne, Larabawa na ce musu dokin teku. Tsawonsu bai wuce yatsa da rabi ba, kai irin na doki, jela irin ta hawainiya, a tsaye suke tafiya, kuma ban taɓa ganin abin da ya kai su rashin sauri ba. Sukan naɗe jela a jikin wani reshen dutse su yi shiru. In an zuba musu ƙananan jatan lande, sai su saki reshen a hankali, su bi guda ɗaya kamar masu jin kunya, su tsotse shi. A daidai wannan lokacin Baba Salim yake cin abinci. Ba ya buɗe baki sai dawakin sun ci.

Ni ban san ya aka yi jininmu ya haɗu ba. Wataƙila don nakan gaishe shi a durƙushe irin na gida, in tambaye shi ya jiki, in jira amsa ko da ba za ta zo ba. Ya tambayi sunana na ce Haladu, ya yi ta juya shi a baki har ya fito da "Khalid". Bayan 'yan makonni Hajiya Huda ta roƙi Yusuf ya bar mata ni, in zauna da tsohon. Ta san ba ni da takarda. Ta ce in dai ban fita ba, babu mai shigowa nemana.

Nan ne zangon da na fi daɗewa, kusan shekara biyu. Ni ke juya shi, in yi masa wanka, in yi masa alwala, in daidaita shi ya fuskanci alƙibla. In na gama sai mu zauna mu biyu muna kallon gilashi. Ƙarar ruwan da ke gangarowa ta bututu irin ta ruwan da ke shiga fangali ce da asuba, don haka nakan rufe ido in ba shi labarin gida da Hausa: yadda ake dashen albasa, yadda Fulanin Burumburum ke kawo shanu su ci karan gonarmu bayan girbi su bar mana taki, yadda mahaifina ya ƙi sayar da jigonsa har ya rasu. Ba ya jin ko kalma ɗaya, amma in na yi shiru sai ya buga gefen gado da hannunsa mai lafiya, wai in ci gaba. Ina son tsohon nan. Tun rasuwar mahaifina ban ƙara samun wanda nake gaisarwa da safe in ji ranar ta fara daidai ba sai shi.

Wata Talata da safe injin ya mutu. Na kwance shi na duba, ya ƙone. Hajiya Huda ta ce daga bayan ƙofa, "Khalid, ka je wurin Yusuf ka zaɓo wanda ya fi kyau. Kada ka duba tsada." A lokacin alhazai ba su gama watsewa ba, kame bai fara ba, sai na fita.

Yusuf ya saurare ni, ya miƙa hannu kan kanta ya ɗauko wani ɗan kwali.

"Wannan ne naku."

"Wannan? Ai ko na da ya fi shi girma."

"Na da ma ya ɗan yi yawa. Dawaki ne a tankin, ba sa son guguwa."

Na ɗaga kai na hango wani inji a saman kanta, jibgege, mai bakin tiyo kusan inci guda da rabi. Zuciyata ta kwanta da shi nan take. Na ce shi nake so.

"Haladu, wancan na tankin otal ne."

"Yusuf, kai kifi ka sani, ni ruwa na sani. Tun kana goye nake tayar da inji."

Ƙarya ce, ya girme ni da shekara goma. Amma abubuwa biyu ne suka haɗu a kaina. An cuce ni a ƙasar nan sau ɗaya, saboda haka duk wanda ya miƙo mini ƙaramin abu sai in ga kamar raina ni ya yi. Sannan a wurinmu ba a yi wa shuka rowar ruwa. In ka ba fangali fiye da ƙima, ƙasa ta shanye, saura ya gangara wa maƙwabci, har ya gode maka. Mai ƙaramin inji talaka ne ko marowaci, ni kuwa ba zan yi wa Baba Salim rowa ba. Yusuf ya girgiza kai irin nasu, ya ce, "To ka sa ido a kansu. In ka ga sun ƙi sakin reshe, ka dawo."

Na haɗa shi kafin azahar, na kunna. Ruwa ya fito da ƙarfi, yashin ƙasan tankin ya tashi, kuma kafin in yi wani tunani ruwan ya kusa kai baki, saboda bututun da ke mai da shi ƙasa ba ya iya haɗiye abin da injin ke turowa. Na yi maza na ɗaure tiyon da waya na rage shi har ya daina barazanar ambaliya. Na juya na kalli tsohon ina murmushi, ina jiran yabo. Shi kuwa idonsa na kan dawakin. Sun ƙanƙame reshe, jikinsu ya kwanta gefe guda, ruwa yana kaɗa su.

Na zuba jatan lande, ruwan ya kwashe su ya watsa. Dawakin ba su saki ba. Na ce a raina baƙunta ce, za su saba. Ranar Baba Salim cokali uku ya ci, shi ma don na matsa. Washegari na taɓa gilashin na ji ɗumi, domin babban inji da aka shaƙe wa wuya zafi yake yi, zafin kuma cikin ruwan yake tafiya. Na ga wannan da idona, na kuma tuna maganar Yusuf. Amma komawa shagon yana nufin in tsaya a gabansa in ce ban sani ba, sai na ƙara wa kaina kwana ɗaya. Ana cikin haka Hajiya Tabawa ta aiko a gaya mini kame ya fara, an kwashe samarin Doguwa biyu, kada in kuskura in leƙa waje. Wallahi har daɗi na ji, na samu hujjar zama.

Ranar Asabar da safe na tarar da ɗaya daga cikin dawakin manne a bakin bututu, ya mutu. Ƙarfinsa ya ƙare ya saki, ruwa ya tafi da shi. Na sa hannu in ɗauke kafin tsohon ya farka, ashe idonsa biyu. Bai yi kuka ba. Ya yi mini alama in juya shi, na juya shi, ya fuskanci bango. Na kawo shurba, miyar hatsi da yake so, ya datse baki. Na kawo ruwa, ya datse baki.

"Khalid," in ji Hajiya Huda daga bayan ƙofa, "haka ya yi da mahaifiyata ta rasu. Sai da aka kai shi asibiti aka sa masa roba a hanci. Likita ya ce jikinsa ba zai sake ɗaukar wannan ba."

Na ce, "Hajiya, laifina ne. Yusuf ya ba ni ƙarami na ƙi."

Na so ta zage ni, ba ta zage ni ba. Ta buga wa Yusuf waya, ya ce shi kaɗai ne a shago, kuma an kawo masa sabbin kifi daga jirgi, in ya bar su za su mutu, sai gobe da yamma zai iya zuwa. Na dubi dokin da ya rage. Kwana huɗu bai ci ba, jelarsa ta fara sassautawa. In na kashe injin ruwan ya shaƙe shi, in na bar shi ruwan ya tsinke shi. Ba zai kai gobe ba, in kuwa ya tafi, babu abin da zai juyo da tsohon nan daga bango.

Ta ce, "Kada ka fita. Suna tare motoci a kowace mahaɗa."

Na ce to. Na ƙara ɗaure tiyon, na sa takalmina na fita.

Zuwa na tafi lafiya ta lunguna. Na tsaya a gaban Yusuf na ce, "Na zo ka koya mini." Allah ya saka wa mutumin nan, ko kallon na-gaya-maka bai yi mini ba. Ya ajiye abin da yake yi ya tambaye ni tsayin da ke tsakanin tankin ƙasa da bakin na sama. Na nuna ƙirjina. Ya ce lambar ƙarfin da ake rubutawa a kwali ta injin da ke kwance ce bai hau ko'ina ba, da zarar ya fara tura ruwa sama sai ƙarfinsa ya ragu. Kunya ta kama ni, don wannan na san shi tun a bakin rafi, in gaɓa ta yi tsayi ruwa raguwa yake yi. Ya ce abu na biyu, kada inji ya tura fiye da abin da bututun dawowa zai iya haɗiyewa. Na uku, wanda ya fi duka, ka dubi wanda ke zaune a cikin ruwan, ka zaɓa don mafi rauninsu.

"Ku a gona ruwa tafiya yake yi ba ya dawowa," in ji shi. "A nan duk abin da ka tura, kan kifin yake komawa."

Ya ba ni injina biyu ƙanana, ɗaya ya ɗan fi ɗaya, da leda mai jatan lande masu rai. Ya ce in gwada su da bokiti da agogo, in ɗaga bakin tiyo daidai tsayin tankin. Wanda ya cika bokiti ƙasa da minti ɗaya in ajiye shi gefe.

Da zan dawo ne na yi gaggawa. Rana ta take, ina tsoron jatan landen su mutu a leda, sai na shiga motar haya maimakon in bi lungu. Ba mu yi nisa ba muka tarar da shinge. Wani askar mai furfura a gemu ya leƙo ta taga ya ce, "Igama." Na sunkuyar da kai. Ya buɗe ƙofa ya ce in fito.

Na fito rungume da kwalaye biyu da leda. Ya nuna mini motarsu, akwai mutane a ciki sun yi jugum. Ban san inda na samo Larabcin ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, zan shiga. Amma akwai mai mutuwa, maganinsa ne a hannuna."

"Wa?"

"Kifi."

Abokan aikinsa suka fashe da dariya. Na ce, "Kifin ne yake riƙe da wani tsoho. In kifin bai ci ba, tsohon ba ya ci." Na yi ta maimaitawa, ina nuna baki, ina nuna ciki, hawaye na zuba a kan kwali. Ya buɗe ledar ya leƙa, ya daɗe yana kallon 'yan halittun da ke tsalle a ciki. Sannan ya tambayi unguwa, na faɗa. Ya yi wa na kusa da shi magana, ya sa ni a gaban wata ƙaramar mota, ya ja da kansa. A hanya ya ce, "Ka sani ba sakinka na yi ba." Na ce na sani.

Da muka shiga ɗakin ya ga Baba Salim kwance ya ba mu baya, sai ya cire hularsa, ya sunkuya ya sumbaci kan tsohon, ya ce, "Sannu, Ammu," wato baffa. Hajiya Huda ta fara roƙonsa daga bayan ƙofa, ya ce mata ta yi haƙuri, an riga an rubuta ni a can shinge, ba a hannunsa yake ba.

Na kashe babban injin, na fizge shi na jefar a bakin ƙofa. Dokin yana nan, jelarsa zagaye ɗaya kawai ta rage a jikin reshe. Na jona na farko cikin ƙananan injinan, na ɗaga tiyo daidai ƙirjina, na kara bokiti. Ba ni da agogo. Askar ɗin ya naɗe hannun riga ya ce, "Fara." Bokiti ya cika, ya ce rabin minti. Ina faɗa muku gaskiya, ko a wannan halin sai da raina ya ce mini ai wannan ma ya yi, ga shi da kuzari. Na cire shi na ajiye. Na jona na biyu, ruwan ya fito siriri ba hayaniya, muka tsaya muna jira.

"Minti ɗaya da kwata," in ji askar. "Wannan ai rago ne."

Na ce, "Shi ake so, ranka ya daɗe."

Na haɗa shi da tankin na kunna. Bututun dawowa ya karɓa ba tare da ya shaƙe ba. Yashi ya fara kwanciya, ruwan ya washe sannu a hankali, dokin da ya kwana huɗu a karkace ya miƙe tsaye. Na je na durƙusa a bakin gado.

"Baba, zan juya ka. Ka yafe mini, ka duba sau ɗaya kawai."

Bai taimaka mini ba, amma bai hana ni ba. Na juyo shi, na sa masa matashi a baya, na zuba jatan lande kaɗan. Suka bazu a ruwan suna iyo, babu abin da ya kwashe su. Mu uku muka zuba ido, ta huɗunmu tana bayan ƙofa tana tambaya, "Ya ci? Ya ci?" Dokin ya bi guda da ido. Ya daɗe yana shawara, har na fara cire rai. Sai ya warware jelarsa, ya taso a tsaye, ya matsa kamar tsawon yatsa, ya tsotse. Ya bi na biyu.

Askar ya ce, "Masha Allah," da ƙarfi, kamar shi ya yi kiwonsa.

Na ɗauko kwanon shurbar safe, Hajiya ta ɗumama ta miƙo ta ƙasan labule. Na kai cokali bakin tsohon. Ya buɗe. Na fara sauri don na san ana jirana, sai askar ɗin ya zauna a kan kujerata ya ce, "A hankali. Ka bari ya haɗiye." Bai tashi ba sai da kwanon ya ƙare. Ina ba shi ina yi wa Hajiya bayani da ƙarfi don ta ji: rabin cokali ake ba shi, ta gefen dama, sai an ciyar da dokin tukuna, kuma Yusuf ya nemo wa dokin abokin zama, kada a bar shi shi kaɗai, kada kuma kowa ya canja injin nan ko da an ba su babba kyauta.

Da na ajiye kwano zan miƙe, Baba Salim ya kama wuyan hannuna da hannunsa mai lafiya. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Ya ce, "Khalid." Ni da kaina na ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, na mayar masa da hannun kan bargo. Ban ce masa zan dawo ba, na riga na yi masa ɓarna ɗaya, ba zan ƙara masa da ƙarya ba. Na yi masa sallama da Hausa, irin wadda ake yi wa uba.

Kwana goma sha ɗaya na yi a wurin tsare mutane kafin a sa mu a jirgin Kano, daga ni sai rigar jikina da silifa. A Kwanar Dangora wani mai shayi da ya san ni ya ce, "Haladu mai inji, ina tsarabar Makka?" Na ce tana tafe. Ban ƙara jin labarin gidan ba, ban san shekara nawa tsohon ya ƙara ba, ko wata nawa.

Abin da na sani shi ne wanda na gani da na kai bakin ƙofa a ranar, askar yana gaba ina biye. Na waiwaya don in gan shi gani na ƙarshe, ina tsoron in tarar ya biyo ni da ido, ko ya sake neman bango. Ko kallona ba ya yi. Idonsa na kan gilashi, bakinsa yana ɗan motsi, yana lasar sauran shurba. A duk rayuwata ban taɓa jin daɗin a ƙi kallona ba kamar ranar.